Tanti, Bukka ko Motar Kwana: Wanne Ya Dace da Hutun Iyali a Gonakin Birtaniya?

Da zarar makarantun Ingila sun tashi a ƙarshen watan Yuli, hutun mako shida ya kankama, sai gida ya yi wa yara kaɗan. Tikitin jirgi na mutum biyar zuwa Kano ko Yamai a wannan lokaci ba duk shekara ake iya sayensa ba, otal kuwa sai an kama ɗaki biyu. Shi ya sa wasu daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Birtaniya suka fara leƙa abin da 'yan ƙasar suka daɗe suna yi: a fita karkara, a yada zango a gonar wani manomi, a kwana uku ko bakwai tsakanin tumaki da ciyawa.

Inda ake samun saɓani shi ne wurin kwanciya. Maigida yawanci hankalinsa yana kan motar kwana, irin wadda aka yi wa gado da murhu da firij a ciki, don ita yake gani a hotuna an faka ta a bakin tafki. Uwargida kuma tambayarta ɗaya ce: banɗaki fa? Kowannensu yana da hujja. Amma a ganina daɗin tafiyar yana ga gonar ne, ba ga motar ba, kuma akwai abubuwa biyu, yawan yara da irin lasisin da ke aljihun direba, da sukan yanke hukunci tun kafin a kai ga son rai.

Ire-iren gonakin

Manomi a can ba ya buɗe ƙofa kawai ya ce a shigo a kwana, akwai dokar da ya raɓa da ita. Wata doka ta 1960 ta ba wasu ƙungiyoyin masu yawon zango ikon ba manomi takardar saukar da motocin kwana biyar kacal a lokaci guda. Manyan ƙungiyoyin biyu ne: Camping and Caravanning Club da aka kafa a 1901, da Caravan and Motorhome Club da ta samo asali a 1907. Gonakin ta farko suna karɓar motoci biyar da tantuna har goma, na ta biyun ba sa karɓar tanti. An yi su ne don mambobi, kuɗin zama mamba kuwa yana wajen fam 50 zuwa 70 a shekara. Su ne mafi shiru da araha, sai dai da yawansu famfo ne kawai da wurin zubar da ƙazanta, wasu ma sun rubuta ƙarara cewa ba sa karɓar yara.

Akwai na wucin gadi. Tun Yulin 2023 dokar Ingila ta yarda manomi ya buɗe filinsa na kwana 60 a shekara, ga gurbi har 50, muddin ya tanadi banɗaki. Banɗakin sau da yawa irin na tafi-da-gidanka ne, ko wanda ba ruwa a cikinsa sai garin katako da ake zubawa bayan an gama. Sai kuma gonaki masu cikakken lasisi, da shawa da wurin wanke-wanke da wutar lantarki, waɗanda ke buɗewa daga bikin Ista zuwa wajen Oktoba. Irin waɗannan ne mai iyali ya kamata ya fara nema, a shafuka irin su Pitchup ko ta kiran gonar kai tsaye.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa mai motar kwana yana iya fakawa duk inda dare ya yi masa. Ba haka ba ne. A Ingila da Wales sai da izinin mai ƙasa. Wani ɓangare na Dartmoor, wani yankin tuddai a Devon, shi ne kawai ya fita daban, kuma hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a Mayun 2025 ya tabbatar da haƙƙin ne ga mai tafiya a ƙafa da ɗan tantinsa a baya. Dokar Scotland ta 2003, wadda ta ba mutane damar yada zango a yawancin filaye kuma ake yawan kafa hujja da ita, ita ma ba ta haɗa da mota ba. Ke nan wanda ya yi hayar mota bai tsira daga kuɗin fili ba, biyu zai biya.

Abubuwan da za a auna

Na farko, mutum nawa ne. Kamfanin haya zai rubuta cewa mota tana kwanar da mutum huɗu ko shida, amma abin dubawa shi ne kujeru nawa ke da bel. Ba a ɗaukar kowa a kan gado ko bencin cin abinci mara bel mota tana tafiya, kuma yaro sai ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135 kafin ya rabu da kujerar yara.

Na biyu, lasisi. Wanda ya zo da lasisin Najeriya ko Nijar ko Gana wata 12 kacal yake da shi daga ranar da ya zama mazaunin ƙasar. Ba a musanya masa shi da na Birtaniya, sai ya zauna jarrabawa. Kamfanonin haya da yawa suna son direban da ya kai shekara 25 kuma ya shekara biyu da lasisi, wasu ba sa karɓar na ƙasashen waje sam. Wanda ya ci jarrabawa da mota atomatik ba shi da izinin tuƙa manuwal, motocin kwana kuwa da yawansu manuwal ne. Lasisin ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500.

Sai kuɗi, wanda aka rubuta a talla da wanda ake riƙewa a kati. Sai jure wa yanayi, don ko a tsakiyar Agusta dare yakan sauka zuwa digiri 10 ko 12, ruwan sama kuma ba shi da rana. Sai sauƙin tsarki da salla da girki, wanda shafukan Turawa ba sa lissafa mana. A watan Yuni rana tana fitowa kafin biyar na safe a Landan, ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, a arewacin Scotland sai bayan goma. Yawancin zango kuma suna son shiru daga wajen goma da rabi ko sha ɗaya na dare zuwa bakwai na safe, wato Isha da Asuba duk a cikin lokacin shirun suke faɗawa. Na ƙarshe shi ne haɗari, ga rai da ga aljihu.

Tanti da motar gida

Wannan ne mafi araha idan za a maimaita. Tanti na mutum biyar ko shida yana kamawa daga wajen fam 150 zuwa 600. Idan aka haɗa da katifun iska, jakunkunan barci, risho, kula da ɗan teburi, iyali za su kashe kamar fam 400 zuwa 700 a sabon kaya. Na hannu ya fi sauƙi sosai, musamman a watan Satumba lokacin da waɗanda ruwa ya kora suke neman rabuwa da nasu a kasuwar Facebook. Fili a gona yana tsakanin fam 15 da 35 a dare, wasu gonakin kuma kai suke ƙirgawa, mai yara biyar ya tambaya tukuna.

Tanti mai kyau yana shekara biyar ko fiye, da sharaɗi ɗaya: kada a naɗe shi da lema a ajiye. Nan ne mazaunin bene yake shan wuya. An dawo ranar Lahadi da dare, tanti jiƙe sharkaf, ba tsakar gida, sai a shanya shi a kan ƙofofi da bahon wanka da kujerun falo, gida ya kwana biyu yana warin ciyawa. Wanda ya yi kasala ya bar shi a jaka, baɗi zai tarar ya yi baƙi da hunhuna. Wajen saye a duba lambar jure ruwa, kada ta gaza milimita 3,000. A kuma sani cewa sanyi daga ƙasa yake tasowa, abin da ke ƙarƙashin mutum ya fi bargon da ke kansa muhimmanci.

Ta fuskar salla tanti ya fi ƙaramar mota, domin na iyali tsayinsa yakan kai mita biyu a tsakiya, za a shimfiɗa darduma a yi sahu a tsaye. Matsalarsa sirri ne da banɗaki. Idan an kunna fitila a ciki da dare, inuwar mutum tana fita tar ga na waje, don haka a nemi mai ɗakunan kwana masu baƙin yadi, wanda kuma zai hana hasken huɗu da rabi na asuba tada yara. Banɗaki kuwa yana iya zama a can ƙarshen fili, sai an ratsa jiƙaƙƙiyar ciyawa da tocila da buta, don ba za a tarar da buta a can ba. Mai ƙananan yara ya roƙi gurbi kusa da shi.

Babban haɗarin tanti hayaƙin gawayi ne. Murhun gashi da ake ganin ya mutu yana ci gaba da fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta kashe mutane a cikin tantuna a Birtaniya. Ko a bakin ƙofa kada a shigar da shi don jin ɗumi. Na biyu iska ce, musamman a gonakin da ke kan gaɓar teku a Cornwall da Pembrokeshire, inda kallon ya fi kyau kuma tanti ya fi karyewa.

Bukkar katako ko kafaffen tanti

Manoma da yawa sun gina 'yan bukkoki na katako masu kumburarren rufi, wasu kuma sun kafa manyan tantuna da gadaje a ciki, mutum ya zo da jakarsa kawai. Bukka mara banɗaki tana wajen fam 55 zuwa 110 a dare, mai banɗaki da ɗan kicin takan kai fam 100 zuwa 160, babban tanti na mutum shida yakan wuce haka a watan Agusta. Yawanci sai an kama dare biyu ko uku.

Ba abin da aka mallaka, ba kuma abin da za a shanya. Akwai ƙofa mai makulli, soket, fitila da na'urar ɗumama ɗaki, ruwa ya yi ta zuba in ya so. A karanta bayanin da kyau, domin wasu bukkokin fanko ne, sai mutum ya zo da shimfiɗarsa. Kuma ƙanana ne: manya biyu da yara biyu sun cika yawancinsu, irin 'yar bukkar makiyaya mai tayoyin ƙarfe kuwa ta mata da miji ce kawai.

Wannan ne kaɗai zaɓin da ba ya neman lasisi. Ƙauyen Edale da ke Peak District yana da tashar jirgin ƙasa a kan layin Manchester zuwa Sheffield, ga wuraren zango kewaye da shi. Windermere ma a Lake District jirgi yana zuwa. Haɗarin da ke ciki na aljihu ne kawai: masu kyau suna cika tun watanni kafin hutu, kuma wanda ya fasa a ƙurarren lokaci da wuya kuɗinsa ya dawo.

Hayar ƙaramar motar kwana

Ita ce ta hotuna: Volkswagen Transporter ko California, ko Ford Transit Custom, tsawo wajen mita biyar, tsayi wajen mita biyu. Faɗin cikinta bai wuce na bas ɗin Hiace da aka cire wa kujeru ba. Bencin baya yana kwantawa ya zama gado, rufi yana ɗagawa a sami gado na biyu a sama. Kujeru masu bel galibi huɗu ne. Iyali mai yara uku, magana ta ƙare a nan, sai dai in an dace da mai biyar, su kuma ba su da yawa.

A lokacin hutun makaranta haya tana tsakanin fam 80 da 140 a rana, ba a kuma ba da ita kwana ɗaya ko biyu. Bayan wannan za a riƙe fam 500 zuwa 1,500 a kati har sai an dawo da ita lafiya. A karanta takardar inshora layi-layi. Rufi da gilashi da tayoyi da ƙarƙashin mota sau da yawa ba sa cikin abin da aka rufe, su ne kuma suka fi lalacewa a hanyar ƙauye. Wasu suna iyakance mil nawa za a yi a rana, wasu suna cajin zanen gado daban. Ana samun ta masu zaman kansu a shafuka irin su Camplify da Goboony, sau da yawa da ɗan rangwame, amma a ɗauki hoton kowane ƙwarzane kafin a tashi.

Alherinta a bayyane yake. Ba a kafa komai, ba a tuge komai. Firij yana aiki da batirin kansa, naman da aka sayo a Bradford ko Birmingham zai kai kwanaki. Da yawansu suna da na'urar ɗumi mai amfani da dizal. Tana shiga yawancin wuraren fakin, tuƙinta bai fi na babbar motar gida wuya ba.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne, ba ta da banɗaki, sai dai ɗan fo na roba da ake turawa ƙarƙashin benci. Duk sanda aka so zuwa sayen burodi, sai an naɗe gado, an sauke rufi, an cire wayar lantarki, an kulle tukunyar gas, an ɗaure kofuna, gida gaba ɗaya ya tashi. Ba filin sujada a ciki in gado yana shimfiɗe, sai a waje ko a rumfar da ake haɗa mata. Sannan ƙofar gefen nan mai ja: da rana ba wanda ke jin ta, amma da ƙarfe uku na dare, a filin da ba motsi sai tarin tunkiya, ƙararta tana tada maƙwabta har gurbi uku. Mai fita alwala ya bi ta ƙofar gaba.

Hayar babbar motar kwana

Yawancinsu a kan ƙashin Fiat Ducato aka gina su: tsawo mita shida zuwa bakwai da rabi, faɗi wajen mita 2.3, tsayi kusan mita uku. Akwai masu bel huɗu, akwai masu shida. Ita ce ta amsa tambayar uwargida, don tana da banɗaki da shawa da kicin na gaske, mace za ta yi wanka ta yi alwala ba tare da ta leƙa waje ba. Ga mai tafiya da tsohuwa ko jariri, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haya tana wajen fam 130 zuwa 220 a rana a lokacin hutu, ajiya a kati fam 1,000 ko fiye, mai kuma mil 25 zuwa 30 a galan, yayin da ƙaramar takan yi 30 zuwa 40.

Banɗakin yana da farashinsa. Ƙarƙashinsa akwai tanki na roba da bai kai lita 20 ba, wanda ake zarowa ta wata 'yar ƙofa a gefen mota. Turawa sukan ce yana kai kwana biyu ko uku, amma su da takarda suke aiki. Iyalin da ke tsarki da ruwa za su cika shi kusan kullum. Sai wani ya zaro shi, ya ja shi a kan tayoyinsa zuwa wurin zubarwa na musamman, ya kwance murfin bututu, ya danna maɓallin iska don kada ya yi tsartuwa, ya juye, ya ɗauraye, ya zuba sabon magani. A yanke wanda zai riƙa yin wannan aikin tun a gida. Ba a zubar da shi a kwata ko gindin shinge, kuma ba kowace ƙaramar gona ke da wurin ba.

Nauyi ma abin lura ne. Kilo 3,500 ɗin nan ya haɗa da mutane da ruwan tanki, wanda yakan kai lita 100, da tukwane da buhun shinkafa. Mai kwanar da shida ba ta da sarari mai yawa bayan nauyin kanta.

Tuƙi shi ne ainihin jarrabawar. Hanyoyin da ke kai wa gonaki a Devon da Cornwall mota ɗaya suke ɗauka, shingen da ke gefe kuma, a Cornwall musamman, ganye ne a waje dutse a ciki. Idan aka yi kiciɓis da tarakta, wani zai ja da baya, ba kuma tarakta ba ce. Wuraren fakin na bakin teku da yawa suna da ƙarfen da ya tare duk abin da ya wuce mita biyu. A jiƙaƙƙiyar ciyawa kuma tayoyin gaba sukan yi ta juyi a banza har sai manomi ya zo ya ja, shi ya sa ake neman gurbi mai tsakuwa. Hanyar North Coast 500, mai mil 516 da ta tashi daga Inverness ta zagayo, ta yi suna tun da aka ƙaddamar da ita a 2015, amma tana da sassa masu layi ɗaya da wuraren ratsewa, kuma mutanen yankin suna jin haushin direban da ya tara motoci a bayansa bai ba su hanya ba. Hawan dutsen Bealach na Bà da ke kan wannan hanya kuwa akwai allon gargaɗi ga manyan motoci tun daga ƙasansa.

Saye fa?

Tsohuwa mai motsi tana farawa daga wajen fam 8,000 zuwa 15,000, mai kyau takan kai 25,000 zuwa 45,000, sabuwar California ta haura 60,000. Idan hayar mako fam 900 ce, motar fam 27,000 daidai take da hayar mako 30, ba a lissafa inshora da haraji da gwajin lafiyar mota na MOT da wurin ajiya ba. Tsohuwar dizal da ba ta kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 6 ba tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta motsa a Landan, fam 8 a tsakiyar Birmingham. Babbar cutar tsofaffin manyan motoci ita ce lema da ke cin bango ta ciki. Wanda bai taɓa yin mako guda a ta haya ba, kada ya saya.

Abin da ya shafi kowa

Gona wurin aiki ce. Saniya mai ɗan maraƙi tana kai hari, a ba ta hanya, a kuma bar kowace ƙofa yadda aka same ta. Hukumar lafiya ta NHS tana gargaɗin mata masu ciki su nisanci tumaki a lokacin haihuwarsu, wanda ya fi yawa a Maris da Afrilu. Yara su wanke hannu da sabulu bayan taɓa dabba, a kuma duba jikinsu da yamma saboda kaska, mai ɗauke da cutar Lyme. A yammacin Scotland, daga Yuni zuwa Agusta, wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo sukan taso da yamma su hana zama a waje. Karnuka suna da yawa a zango, wasu gonakin suna kiwon aladu, mai ƙyamar ɗaya daga ciki ya tambaya kafin ya biya. Gungun samari zalla su ma su tambaya, don wurare da yawa ba sa karɓar taron maza kawai ko mata kawai.

Naman halal ba ya samuwa a ƙauye, daga birni ake tahowa da shi. Ƙwai da madara da dankali kuwa na gonar sun fi, sau da yawa a wani ɗan akwati a bakin hanya, ka ɗauka ka jefa kuɗi a gwangwani ba mai tsaro. Akwai tsarin Brit Stops da ke ba masu motar kwana dare ɗaya kyauta a harabar 'yan kasuwa, amma da yawa daga cikin wuraren mashaya ne, sai a tace a zaɓi shagunan gona. Baƙar fata a ƙauyen Ingila zai sha kallo, yawanci da gaisuwa a bayansa. Wanda yake jin nauyin fita shi kaɗai yana iya fara bin tawaga irin ta Muslim Hikers, wadda Haroon Mota ya kafa a 2020, ya san ƙasar tukuna.

| | Tanti | Bukka | Ƙaramar mota | Babbar mota |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin dare a hutu | fam 15–35 | fam 55–160 | fam 80–140 da kuɗin fili | fam 130–220 da kuɗin fili |
| Kuɗin farko | kaya fam 400–700 | babu | ajiya fam 500–1,500 | ajiya fam 1,000 ko fiye |
| Mutum nawa | yadda motar gida ta ɗauka | 2–4, babban tanti 6 | galibi 4 | 4–6 |
| Banɗaki | na kowa | ya danganta | babu | akwai, kai za ka kwashe |
| Ruwa da sanyi | da wahala | lafiya lau | da kyau | da kyau ƙwarai |
| Sauya wuri | aiki ne | ba a yi | sauƙi | sauƙi, in hanya ta yarda |
| Babban haɗari | hayaƙin gawayi, iska | asarar kuɗin kamu | kuɗin ajiya | ƙwarzane, maƙalewa |

A ɗauki dare bakwai a Agusta. Mai tanti, fili a fam 25, zai biya fam 175, da kayan fam 500 a shekarar farko kawai. Mai bukka a fam 85 zai biya fam 595. Mai ƙaramar mota a fam 120 zai biya fam 840, da fili fam 175, ya haura dubu kafin ya sha mai. Mai babbar mota a fam 170 zai biya fam 1,190, da fili ya kai 1,365.

Wa ya dace da me

Iyalin da ba su taɓa kwana a gona ba, ko masu jariri, ko waɗanda lasisinsu bai nuna ba, su kama bukka dare biyu ko uku a wurin da bai fi awa biyu da gida ba. In uwargida ta ce sai da banɗaki a ciki, a ƙara kuɗin, yawanci bai kai hayar babbar mota mai banɗaki ba.

Masu yara uku zuwa sama da ke da motar gida mai kujeru bakwai, tanti ne nasu, a gona mai shawa, a zauna wuri ɗaya a riƙa fita yawo da mota a dawo. Zuwa shekara ta biyu kayan sun biya kansu. Idan gidaje biyu ne suka haɗu, su nemi gurbi biyu a jere su haɗa girki.

Ƙaramar mota ta mata da miji ce, ko da yaro ɗaya ko biyu, waɗanda ke son tashi kullum: yau tsaunukan Eryri na Wales, gobe gaɓar Pembrokeshire, ko zagayen arewacin Scotland. Wanda zai yi mako guda a gona ɗaya ba shi da dalilin biyan kuɗinta.

Babbar mota ta dace da masu tafiya da dattijo ko mara lafiya, ko iyalin da sirrin wanka da alwala ya fi musu komai, muddin akwai direban da ya saba da babbar mota, ya kuma yarda da aikin tanki. Su zaɓi gonakin da ke kusa da babban titi, su kira manomi su gaya masa tsawon motar, su tambaye shi ta wace hanya za su shigo, don taswirar waya ba ta san faɗin mota ba.